Takardu 300 ko takardu 41: yaya ake auna nauyin mai bincike a fannin magunguna?

“Assalamu alaikum Malam. Na kammala digiri na biyu a fannin nazarin aikin magunguna a jiki, yanzu ina neman gurbin digiri na uku. Malamai biyu sun nuna za su karɓe ni. Na farko na duba shafinsa na Google Scholar, yana da takardu sama da 300, an ambaci aikinsa sau dubu goma sha biyu da ɗoriya, ma’auninsa na h kuma 52. Ta biyu takardunta 41 ne kacal, ma’auninta 23, kuma kusan duk aikinta a kan furotin guda ne, wanda ke tunkuɗo magani waje daga cikin sel. Shekarunsu a aiki kusan ɗaya. Abokaina sun ce babu ma abin tsayawa tunani, na farko ya fi ta nesa ba kusa ba. Shin waɗannan lambobi su ne ma’aunin tasirin mai bincike? In ba su ba ne, me zan duba?”

Wa alaikumus salam, ƙanwata. In na fahimce ki, abu biyu kika ɗaure a igiya ɗaya. Akwai tambayar me waɗannan lambobi suke aunawa, akwai kuma tambayar wanne daga cikin malaman zai fi miki amfani. Ta biyun ba zan yanke miki hukunci a kanta ba, domin ban karanta takardar ko ɗayansu ba, kuma duk wanda ya zaɓa miki daga lambobi uku bai yi miki adalci ba. Amma zan nuna miki yadda nake duba irin wannan shafi idan aka ajiye mini shi a kwamitin ƙarin girma ko na raba tallafin bincike. Lambobin suna gaya miki sau nawa aka ambaci sunan mutum. Ba sa gaya miki ko wani ya ɗora gini a kan aikinsa ginin ya tsaya. Wannan na biyun shi nake kira tasiri, kuma sai an buɗe takardun ake ganinsa.

Asalin lambobin

Wani Ba’amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa bin sawun wa ya ambaci wa a takardun kimiyya, a wata maƙala da ya fitar a mujallar Science a 1955, sannan kundinsa na ambato ya fara fita a kai a kai daga 1964. Manufarsa ita ce mai bincike ya iya bin zaren wani tunani daga takarda zuwa takarda, masu kula da ɗakunan karatu kuma su san mujallun da suka cancanci kuɗinsu. Makin tasirin mujalla da kike ji ana alfahari da shi daga nan ya fito. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci takardun da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka wuce, a raba da yawan takardun. Matsakaici ne na mujalla sukutum, kuma ’yan takardu kaɗan masu farin jini ne ke ɗaga shi, sauran suna cin albarkacinsu. Don haka cewa wane ya buga a mujalla mai maki 15 ba ya nufin an karanta tasa takardar.

Ma’aunin h ya zo daga baya, a 2005, daga hannun wani masanin fiziks, Jorge Hirsch na Jami’ar Kalifoniya da ke San Diyego. Ma’anar 52 na malaminki na farko ita ce yana da takardu 52 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 52. Lissafi ne mai sauƙi, shi ya sa ya karɓu. Sai dai ki lura da halinsa. Ba ya taɓa sauka, ko mutum ya rufe ɗakin gwajinsa shekara goma da suka wuce. Ba ya iya wuce yawan takardun mutum, wato malamarki mai takardu 41, ko da an ambaci kowace takarda tata sau dubu, ba za ta haura 41 ba. Kuma bai san bambanci tsakanin wanda ya yi shekara huɗu yana gumi a kan aiki da wanda aka sa sunansa na goma sha bakwai don ya ba da aron injin ba. Ƙari a kan haka, Google Scholar yana ƙirga kusan komai, har kundayen ɗalibai da takardun da ba a tantance ba, shi ya sa lambarsa takan fi ta sauran rumbunan ƙirga ambato irin su Scopus ko Web of Science. In za ki kwatanta mutum biyu, ki ɗauko lambobinsu daga wuri ɗaya.

Ambato ba yabo ba ne

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin takardu ɗari da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, a kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, da ambato sama da 300,000. Ta biyu ta Laemmli ce ta 1970, wadda ake ambata saboda hanyar rarrabe furotin a cikin jel. Ta uku ta Bradford ta 1976, ita ma awon furotin ce. Takardar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA, wadda fannin nan gaba ɗaya ya ginu a kanta, ba ta ma shiga ɗarin ba. Kafin takarda ta shiga jerin sai an ambace ta sama da sau 12,000, wato abin da malaminki ya tara a takardu 300.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanyar gwaji kullum ana ambatarta, domin duk wanda ya auna furotin sai ya faɗi da me ya auna. Babban tunani kuwa da zarar ya shiga littattafan karatu sai a daina ambatar mai shi, ya zama abin da kowa ya sani. Ni kaina na ambaci Bradford ban san adadi ba, amma ban tuna ranar da na ambaci Watson da Crick a takarda ba, alhali babu ranar da ba na aiki da abin da suka gano.

Akwai wasu hanyoyin da ambato ke kumbura. Maƙalar bita, wadda ke tattara abin da wasu suka gano ba tare da sabon gwaji ba, tana jan ambato fiye da takardar bincike, domin mai rubutu ya fi son ya ambaci guda ɗaya da ta haɗa komai. Akwai ambaton kai, mutum ya riƙa cusa tsofaffin takardunsa a kowace sabuwa. Akwai ’yan a-yi-mini-in-yi-maka, abokai da ke ambaton juna. Akwai ma ambaton suka: takardar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta rigakafin ƙyanda da cutar otizim, wadda mujallar Lancet ta janye a 2010, an ambace ta sau dubbai, da yawa don a ƙaryata ta. Kwamfuta ba ta san wannan ba, ƙirga kawai take yi. Sannan girman fanni yana da nasa hannu. Mai aiki a kan kansar mama yana da dubban abokan sana’a da za su ambace shi, mai aiki a kan ciwon barci kuwa masu karanta shi ba su taka kara sun karya ba, ko da aikinsa ya fi inganci.

Haka kuma lambobin suna makara. Katalin Kariko ta yi shekaru tana neman tallafi a kan amfani da mRNA, wato saƙon da sel ke karantawa ya ƙera furotin, a matsayin magani ba ta samu ba, har aka rage mata matsayi a Jami’ar Pensilbaniya a 1995. Takardar da ta rubuta da Drew Weissman, wadda ta nuna cewa sauya ɗaya daga cikin tubalan mRNA yana hana garkuwar jiki ta yi masa bore, Nature da Science duk sun ƙi ta, sai mujallar Immunity ce ta buga a 2005, kuma shekaru suka shuɗe ba a damu da ita sosai ba. A kan wannan dabara aka gina rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna, su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2023. Francisco Mojica na Jami’ar Alikante a Sifaniya shi ma manyan mujallu sun yi ta maido masa da takardarsa a kan CRISPR, wanda daga baya ya zama almakashin gyara ƙwayoyin gado, kafin ta fito a 2005 a wata mujalla mai matsakaicin suna. Daga wannan zaren aka kai ga takardar Doudna da Charpentier ta 2012, aka kai ga maganin sikila na Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Da a 2006 ɗaliba irinki ta duba shafin Kariko, abokanta za su ce ta nemi wani.

Ba ina cewa duk mai ƙarancin ambato Kariko ce a ɓoye ba. Akasarin takardun da ba a ambata, ba a ambatarsu ne don babu abin ambato a ciki.

Yadda nake tace jerin takardu

Abu na farko da nake yi shi ne in rage jerin. Ina cire maƙalun bita, da wasiƙu ga edita, da taƙaitattun bayanan taro. Sannan in duba inda sunan mutum ya faɗo. A fanninmu, al’adar rubutu ita ce suna na farko na wanda ya yi gwaje-gwajen da hannunsa ne, yawanci ɗalibi ko matashin mai bincike, suna na ƙarshe kuma na mai ɗakin gwajin ne, wanda ya kawo tambayar ya nemo kuɗin ya ɗauki alhakin sakamakon. Na tsakiya sun taimaka, wani da yawa, wani da ɗan samfur guda. Ki ƙirga takardun bincike da malamin yake na ƙarshe ko na farko. Kada ki yi mamaki in 300 suka koma 60, 41 kuma suka koma 30. A nan tazarar da ta ruɗi abokanki ta riga ta ragu sosai.

Takardu 300 a shekara ashirin, wato kamar goma sha biyar a shekara, ba abin zargi ba ne ga mai babban ɗakin gwaji da abokan haɗin gwiwa da yawa. Amma akwai iyaka. John Ioannidis da abokansa sun nuna a 2018 cewa akwai mutane sama da 9,000 da suka taɓa fitar da takardu fiye da 72 a shekara guda, takarda ɗaya duk kwana biyar. Mafi yawansu ’yan fiziks ne da ke cikin manyan tawagogi, amma akwai ’yan fannin lafiya a ciki. Wanda ya taɓa jiran sel su girma a faranti ya san ba a yin bincike a kwana biyar, ko karanta shi da idon basira ma da ƙyar.

Na taɓa zama a wani kwamiti aka kawo mana fayil ɗin mutum mai takardu sama da ɗari. Da na jera kanunsu sai na ga abu guda ne ake ta maimaitawa: a ɗauko ganyen tsiro, a jiƙa shi a sinadari, a ba ɓeraye shida shida, a auna sukarin jini ko enzayim ɗin hanta, a ce ya yi aiki. Takarda ta gaba saiwar tsiron ce, ta gaba ɓawonsa, ta gaba wani tsiron daban da tebur iri ɗaya. Babu inda aka tsaya aka ware sinadarin da ke aikin, babu inda aka tambayi ta wace hanya yake yi, babu takardar da ta ɗora a kan wadda ta gabace ta. Ba na raina binciken tsirrai, artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga tsiro ya fito, haka mofin da kwinin. Abin da na rasa a fayil ɗin shi ne tambaya da ake bi har a kai ƙarshenta. A zaman nan aka kawo fayil na wata mai takardu goma sha tara, da ka jera su kamar kana karanta labari ne babi bayan babi: ta ga wani abu, ta yi shakka, ta gwada ta wata hanyar, ta gyara abin da ta faɗa a baya. Na ba ta maki fiye da shi. Ba duka ’yan kwamitin ne suka yarda da ni ba, kuma na fahimci dalilinsu, don ƙa’idar da aka ba mu ƙirga takardu ta ce a yi.

A fannin magunguna akwai ƙarin tarko

Kashe sel ɗin cutar kansa a faranti ba wani abin a zo a gani ba ne, ruwan wanke tufafi ma yana kashe su. Idan kika buɗe takarda da ke cewa an gano sinadari mai maganin cutar kansa, ki fara duba ƙarfin da aka yi amfani da shi. In sai an kai maikuromola 100 (maikuromola ɗaya nanomola dubu ce) kafin rabin sel su mutu, alhali abin da ke iya kaiwa jinin mutum bai wuce ’yan nanomola ba, to tazarar ta kai ninki dubu ko fiye, kuma sakamakon ba zai fita daga faranti ba. Ki duba ko an gwada shi a kan lafiyayyun sel. Ki duba ko an nuna cewa furotin ɗin da ake cewa ya kama shi ne da gaske ya kama, misali a cire ƙwayar gadon furotin ɗin a ga ko aikin sinadarin ya ɓace. Akwai rukunin sinadarai da masana haɗa magunguna suka yi wa tambari tun 2010 saboda suna ba da sakamakon ƙarya a kusan kowane gwaji, wasu don launinsu, wasu don suna dunƙulewa su manne wa kowane furotin. Kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkum, yana cikin waɗanda aka fi kuka da su: dubban takardu, tarin ambato, amma ba ya daɗewa a jiki kuma da ƙyar yake shiga jini. Haka takardun da aka yi su a kwamfuta zalla, aka ce sinadari kaza ya zauna daram a aljihun furotin kaza, ba tare da gwaji ko ɗaya ba. Mafarin aiki ne, amma mutum yana iya fitar da goma a shekara bai taɓa kwalba ba.

Ko maganin da ya tsallake duk wannan ya kai ga gwaji a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa kasuwa. Kuma hanyar doguwa ce. Nowell da Hungerford sun ga gajeren kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, a sel ɗin masu wata kansar jini a 1960. Janet Rowley ta nuna a 1973 cewa musayar yanki ce tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Sai a 2001 aka amince da imatinib, maganin da ke toshe enzayim ɗin da wannan musaya ke haifarwa, bayan aikin Nicholas Lydon da Brian Druker da wasu. Shekara 41, kuma makin mujalla shekara biyu yake dubawa.

Shi ya sa manyan wannan fanni da yawa ba a takarda nauyinsu yake ba. James Black a kamfani ya yi aikin da ya haifar da furofaranolol na zuciya da simetidin na gyambon ciki. Gertrude Elion, wadda suka raba Nobel ta 1988 tare da shi da George Hitchings, ba ta kammala digiri na uku ba, amma daga ɗakin gwajinsu aka samu makaftofiyurin na kansar jinin yara, da azatayofirin na dashen ƙoda, da wasu magungunan. Tu Youyou ta Sin, wadda ta gano yadda za a tatso artemisinin ba tare da zafi ya lalata shi ba a farkon shekarun 1970, takardar da ta fara bayyana siffar sinadarin a 1977 da sunan tawaga ta fito, babu sunan kowa. Ta karɓi Nobel a 2015. Akira Endo na Japan, wanda ya gano sitatin na farko, maganin rage kitsen jini, daga wata fumfuna a 1973, ya rasu a 2024 bai samu Nobel ɗin ba, amma miliyoyin mutane suna shan jikokin maganinsa kowane dare. Saboda haka in kina duba malami, ki leƙa bayan takardu: akwai takardar mallakar fasaha da wani kamfani ya ɗauka ya yi aiki da ita? Akwai kayan gwaji da ya ƙirƙira wasu ke nema, irin waɗanda ake ajiyewa a Addgene, rumbun da masu bincike ke raba kayan gwaji ta cikinsa? Akwai siffar furotin da ya saka a rumbun siffofin furotin na duniya? An kafa hujja da aikinsa a ƙa’idojin ba da magani?

Aikin ya tsaya da ƙafafunsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don ta taɓa cin ni. Ina shekara ta biyu a digirina na uku na ɗora aikina a kan wata takarda mai ɗaruruwan ambato, wadda ta ce wani furotin yana ƙaruwa a sel ɗin hanta idan aka ba su wani magani. Na sayi antibodi, wato abin da ke kama furotin ɗin ya nuna shi a gwaji, iri ɗaya da nasu, na yi gwajin, layin furotin ya fito baƙi ƙirin a daidai inda suka ce. Wata takwas ina gini a kai. Rannan wata abokiyar aiki ta ba ni sel da aka cire musu ƙwayar gadon furotin ɗin gaba ɗaya, na sa su a gefe don kawai in cika sharaɗi. Da na ɗaga fim ɗin a ɗakin duhu na kara shi da jan fitila, sai ga layin nan a wurinsa, a sel ɗin da ba su da furotin ɗin ko ɗigo. Wani abu daban antibodin yake kamawa. Na zauna a kan kujerar ɗakin na fi minti goma ban motsa ba. Daga baya na bi waɗanda suka ambaci takardar ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu a gabatarwa suka jefa ta, cikin jerin lambobi biyar ko shida a ƙarshen jimla. ’Yan kaɗan ne suka sake gwajin, biyu daga cikinsu kuma sun rubuta a can ƙarshen takardunsu, cikin ladabi, cewa ba su ga abin ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Masu bincike a kamfanin Bayer sun bayar da rahoto a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na sakamakon da suka ɗauko daga mujallu suka iya tabbatarwa a ɗakunansu. A 2012 Glenn Begley, wanda ya shugabanci binciken cutar kansa a kamfanin Amgen, ya rubuta tare da Lee Ellis cewa cikin fitattun takardu 53 da suka gwada maimaitawa, 6 ne suka tabbata. Elisabeth Bik da abokanta sun duba takardu sama da 20,000 da ido, suka fitar a 2016 cewa kusan kashi 4 cikin ɗari suna da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba. A 2023 kaɗai an janye takardu sama da 10,000. Don haka ki rubuta sunan kowane malami a PubPeer, shafin da masana ke nuna kurakuran takardu, da kuma rumbun Retraction Watch na takardun da aka janye. Janye takarda guda, musamman in shi da kansa ya gano kuskuren ya nemi a janye, ba aibi ba ne, ni yana ƙara masa daraja a idona. Amma in kika ga takardu takwas ko goma ana tambayar hotunansu shi kuma ya yi gum, to ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da zan so ki yi, aikin mako guda ne. Ki zaɓi takardun bincike biyar na kowannensu daga shekaru goma na baya-bayan nan, waɗanda yake na ƙarshe a suna. In kin samu dama ki tambaye shi da bakinki waɗanne biyar ya fi alfahari da su, yadda zai amsa ma darasi ne. Ki karanta su, ki fara da hanyoyin gwaji da hotuna kafin ki karanta abin da marubutan suka ce sun gano. Sannan ki ɗauki ɗaya, ki buɗe takardu ashirin da suka ambace ta, waɗanda ba nasa ba kuma ba na tsofaffin ɗalibansa ba, ki nemo jimlar da aka ambace shi a ciki. In kina ganin irin “mun yi amfani da hanyar wane”, ko “kamar yadda wane ya nuna, mu ma mun samu”, ko ma “saɓanin wane, mun samu kaza” tare da gwaji na gaske, to aikinsa yana motsa mutane. In kullum a cikin tarin lambobi yake a gabatarwa, sunansa ne ke yawo. Wannan tunani ba nawa ba ne ni kaɗai. Sanarwar San Faransisko ta 2012 a kan tantance bincike, wadda jami’o’i da masu ba da tallafi da yawa suka sa wa hannu, ta nemi a daina auna mutum da makin mujalla, a koma ga abin da ke cikin aikin.

Su biyun nan naki

Kada tsayawar malamar a kan furotin guda ta sa ki ɗauka aikinta ƙarami ne. In irin P-gilaikofurotin ne, wanda Juliano da Victor Ling suka bayyana a 1976, to yana da hannu a yadda cutar kansa ke bijire wa magani, da yadda hanji ke tsotse ƙwaya, da dalilin da ya sa wasu magunguna ba sa shiga ƙwaƙwalwa, da yadda magani biyu ke karo da juna a jiki. Mutane sun ƙare rayuwar aikinsu a kansa, kuma magungunan da aka ƙera don toshe shi a masu cutar kansa ba su ba da abin da aka sa rai ba a gwajin asibiti, wato akwai sauran tambayoyi. Amma ƙarancin takardu yana iya zama alamar rashin kuɗin bincike, ko ɗakin gwaji da ya yi sanyi. Ki duba yaushe takardarta ta ƙarshe ta fito, ki tambaya ko tana da tallafin da zai kai ki ƙarshen karatu. Shi kuma mai 300 yana iya zama gwani na gaske wanda kowa ke son aiki da shi, na san irinsu, kuma babban ɗakin gwaji yana da injuna da abokan hulɗa da ƙarami ba shi da su. Yana kuma iya zama wanda za ki gani sau uku a shekara.

Hanyar da na ba ki tana da nata rauni. Karanta takarda biyar yana buƙatar ido da ba a samu sai da shekaru, don haka ki nemi wani babba a fannin da ba shi da alaƙa da su biyun ku duba tare. Kuma abin da na faɗa a kan jerin sunaye na masu aikin ɗakin gwaji ne irina. A manyan gwaje-gwajen asibiti da binciken ƙwayoyin gado na dubban mutane, takarda tana iya ɗaukar sunaye ɗari biyu, na tsakiya kuma ya yi aikin shekaru, a can ba zan yi saurin raina kowa ba.

Lambar da ta fi shafarki ba ta kan Google Scholar. Ki nemi sunayen ɗaliban da kowannensu ya yaye a shekaru goma da suka wuce. Nawa suka fara, nawa suka gama, cikin shekara nawa? Kowanne ya fita da takardar da sunansa ne na farko, ko malamin ne ke hawa gaba? Ina suke yanzu? Ki samu biyu daga cikinsu da suka riga suka bar wurin, don na ciki ba zai saki baki ba, ki tambaye su abin da malamin ya yi ranar da gwaji ya ƙi ba da sakamakon da yake so. Nawa malamin, ranar da na kai masa fim ɗin nan hannuna na rawa, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in sake gwajin sau biyu, in ya tabbata mu rubuta wa mujallar. In kin tara takardun goma da amsoshin ɗaliban, ki turo mini kanun takardun in duba su tare da ke.